Yadda Za Ka Auna Nauyinka a Gidanku da Lissafi Har Ka Kori Kanka Zuwa Yamai

Ɗan'uwa, in kai ma ka taɓa zama a tsakar gidanku kana kallon mutane suna kai da kawo, kana tambayar kanka ko akwai wanda zai lura in ka ɓace, to gyara zama. Ina da hanya. Ta kimiyya ce, da kaye da bik da ordinatar, wato littafi da biro da kwamfuta, ba ruwanta da boka. Na yi maka alkawari, cikin wata biyu za ka san nauyinka a gidan ubanka daidai, har da lambobi biyu a bayan waƙafi. An gwada ta sau ɗaya tak, ta kuma yi aiki har ta wuce inda aka aike ta.

Wanda ya gwada ta wani bawan Allah ne, mu kira shi Ilyas. Ba ni ba ne. Malamin lissafi ne a wani lise, wato sakandare, a Agadas, yana da mata ɗaya, moto ɗaya mai ƙafa biyu, da dipulom ɗin da ya ɗauko daga jami'a a kan yadda ake gane wa ke juya wa in abubuwa sun cakuɗe da juna. Tsayinmu ɗaya da shi, iyakar abin da ya haɗa mu ke nan.

Mataki na ɗaya: Ka samu tambayar da baki zai iya amsawa, sai ka hana shi

Wata Litinin takarda ta zo wa Ilyas daga wani buro, wato ofis, mai aikin ƙididdiga a Yamai. Suna son shi aikin shekara biyu, sun ba shi wata biyu ya sa hannu ko ya ce a'a. Gaskiyar magana, ba ya son tafiya ko kaɗan. Abin da yake so shi ne wani a gidan ya buɗe baki ya ce, "Kada ka tafi, ba za mu iya ba." So yake ya zauna, amma a ce roƙonsa aka yi.

Da yamma matarsa Souwaiba tana zuba masa shayi, ya ajiye takardar inda za ta gani, ya ja dogon numfashi irin na manya.

"Ni abin da ke damuna," in ji shi, "in na tafi, wa zai riƙe gidan nan?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wanda ke riƙe da shi yanzu mana, Mushe."

Mushe take ce masa, wato Malam a bakin 'yan makaranta. Kai ma haka za a yi maka. Kada ka tambayi wa ake nufi. Ka shanye shayinka da zafinsa, ka ɗauki maganar ka kai fada, majalisar da kuke hira da abokai. A can akwai mai hankali ɗaya da zai so ya ɓata maka shiri. Na Ilyas shi ne Nasser, direba a hanyar Djado, mutumin da bai wuce firamare ba amma bai taɓa ɓata a cikin rairayi ba.

"Ka tambayi tsohuwarka mana," in ji Nasser. "Ta ce tafi ko zauna, magana ta ƙare."

Shawara ce mai kyau, don haka ka guje ta. Ilyas ɗan fari ne. Shekara talatin da huɗu ke nan da Inna Kande ta haife shi, kuma tun ranar suna ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. "Mai moto" take ce masa, shi ma sai ta kama dole, kuma ta bakin wani. In suka yi kiciɓis a tsakar gida sai ta tuna tana da aiki a ɗaki. Yaya za ka tsare irin wannan mata ka ce, "Inna, kina bukatata?" Harshen ma ba zai ɗauka ba. Sai Ilyas ya ce tun da baki ya gaza, lissafi zai tambaye ta.

Mataki na biyu: Ka koyi ilmin daidai yadda za ka iya rufe bakin jama'a

Abin da za ka auna Faransawa na kiransa entropie de transfert. Ka riƙa faɗin sunan a hankali, kana kallon nesa. Ga yadda Ilyas ya bayyana shi a fada, yana zane a ƙasa da tsinken ashana.

"A ce ina so in san ko mai shago zai rufe nan da minti goma. Na san halinsa na jiya da na shekaranjiya, amma har yanzu ina da shakka. Sai aka ce mani ladan ya yi kira. Shakkata ta ragu. To iyakar abin da ta ragu, shi ne labarin da ya gudana daga ladan zuwa mai shago. Ana auna shi da bit. Wanda motsinsa na ɗazu ke gaya maka motsin wani na an jima, shi ke tuƙi. Sai ka ja kibiya daga shi zuwa wancan."

Nasser ya sosa gemu. "To ai Saidou mai shagon kan kwana kullum kafin kira yake rufewa, don ya samu sahun gaba. In ka ga ya ja ƙofa, ka san ladan na nan tafe. Ke nan Saidou ke sa ladan kiran salla?"

Aka yi dariya. A nan ne za ka nuna ka yi karatu. Ka ɗaga hannu ka ce, "Wannan wani fanni ne daban, sai mun zauna." Haka Ilyas ya ce, kuma har yau ba su zauna ba. Ka riƙe wannan a ranka: duk tambayar da direba ya yi maka wadda ba ka da amsarta, wani fanni ce daban.

Mataki na uku: Ka nemi mai rubutu

Ba za ka iya auna gidan da kake ciki ba alhali kana lakwal kana koyarwa. Kana bukatar wanda ke wuni a gida da agogo a hannu. Ilyas ya samu ƙanwarsa Rahma, tela ce, kekenta na nan a inuwa kusa da zaure, ba abin da ke wuce ta. Ya saya mata kaye mai shafi ɗari biyu, ya ja layuka biyar: lokacin da Inna ta fito zaure da farantin tsintar shinkafa da lokacin da ta shige, lokacin da Souwaiba ta ɗora butar shayi, kukan akuya, tashin Rahma daga keke, da isowar shi kansa.

"Yaya, akuyar kuma me ta yi?"

"Ma'auni ce. Kowane bincike yana son abin da aka san ba shi da tasiri, don a gwada sauran da shi."

"To Allah ya ba akuya sa'a," in ji Rahma, ta karɓi bik.

Ka gargaɗe ta kada ta gaya wa kowa. Kafin magariba kowa zai sani, amma ka sauke nauyi.

Mataki na huɗu: Ka cire rana da ladan

Wannan matakin gajere ne kuma shi kaɗai ne Ilyas ya yi daidai, don haka yake son a ambace shi. Abubuwa biyu kan yi tafiya tare ba don ɗaya na jan ɗaya ba, sai don wani na uku na jan su duka. In rana ta yi sanyi akuya za ta yi kuka, mata za su hura wuta, malamin lise zai kama hanyar gida. Sai ka sa kiran la'asar a cikin lissafin, ka sa ranakun da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ka cire rabonsu. Abin da ya saura shi ne tsakaninku zalla. Ilyas ya yi wannan da kyau ƙwarai. Da malamansa na jami'a sun gani da sun yi masa tafi.

Mataki na biyar: Ka danna, ka karanta kibiyoyinka kamar namiji

Bayan kwana talatin ya zuba lambobin a ordinatar ya danna. Ka tabbata kana zaune in za ka yi wannan.

Daga akuya zuwa Rahma, 0,40. Da ta yi kuka Rahma ta tashi ta kai dusa. To, ba laifi.

Daga butar Souwaiba zuwa isowar Ilyas, 0,58. Daga fitowar Inna zaure zuwa isowar Ilyas, 0,71. Wato in tsohuwa ta ɗauko faranti ta zauna a zaure, ka ba shi minti ashirin, za ka ji moto. Ko ranar da ya dawo ƙarfe biyar ne, ko ranar da ya tsaya fada har shida da rabi, ita ta riga shi. Shi kansa da safe bai san yaushe zai dawo ba, amma kaye ya nuna zamanta ya sani. A dokar da ya zana wa Nasser a ƙasa, ma'anar wannan ɗaya ce: su ke jan shi gida kamar guga a bakin igiya.

Sai ya juya ya duba kibiyoyin da ke fita daga gare shi. Zuwa Souwaiba, 0,02, don duk abin da isowarsa za ta sa a yi, an riga an yi shi. Zuwa Rahma, 0,01. Zuwa akuya, sifiri cur, ko kunne ba ta kaɗawa.

Kibiya ɗaya ce mai kauri ta fita daga Ilyas, 0,93, zuwa Inna. Ya ji daɗi har ya miƙe tsaye. Sannan ya duba me take nufi. Da an ji ƙarar moto a kwanar masallaci, Inna takan ɗauki farantinta ta shige ciki. Kullum, ba fashi. Tasirinsa guda a gidan ubansa shi ne korar uwarsa daga zaure.

Abin ya yi masa zafi, ba zan ɓoye maka ba. Ya zauna yana kallon allon ordinatar har allon ya mutu da kansa.

Mataki na shida: Abin da bai bi lissafinka ba, ka kira shi hayaniya

Mai ilmi ba ya yarda da sakamako sai ya girgiza shi. Ilyas ya ce bari ya rikita tsarin ya gani. Ya karya ashana biyar, kowace da tsawonta, kowace da lokacinta. Kullum bayan ya tashi daga aji sai Nasser ya riƙe su, Ilyas ya ja ɗaya. Gajere, ya tafi gida nan take. Doguwa, ya zauna a fada har gab da magariba. Ba wanda zai iya sanin lokacinsa, har shi.

Mako guda aka yi haka, kuma lambobin suka lalace. Inna ta daina fitowa minti ashirin kafin shi. Da an sallame la'asar take fitowa, ta zauna, ta yi ta zama har sai an ji moto. Souwaiba ta riƙa ɗora buta tana saukewa, sau uku sau huɗu a yamma ɗaya, gawayin mako biyu ya ƙare a kwana shida. A gefen shafin ranar Alhamis Rahma ta rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Yaya, shinkafar nan sau uku aka tsince ta yau. Ko tsakuwa ɗaya babu tun farko."

Yanzu ka saurare ni da kyau, nan ne ake bambanta ƙwararre da ɗan koyo. Ɗan koyo zai tsaya ya tambayi kansa me ke sa tsohuwa mai ciwon gwiwa ta yi awa biyu a kan tabarma tana tsintar shinkafa mai tsabta. Ƙwararre ba ya ɓata lokaci. Ilyas ya ja jan bik a kan shafuka bakwai, ya rubuta "hayaniya" a sama, ya cire su daga lissafi. Ya kuma gaya wa Rahma kaye na lambobi ne, ba na ra'ayi ba.

Mataki na bakwai: Ka tara iyali ka ba da rahoto

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya manna babbar takarda a bangon tsakar gida, da'irori biyar da kibiyoyi. Souwaiba ta zauna kan turmi, Rahma ta tsayar da keke. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta, ta ba shi gefe, tana gyaran wani zane da bai yage ba.

Ya yi bayani minti ashirin. Ka yi naka da murya mai sanyi, kamar abin bai dame ka ba. A ƙarshe ya ce, "Saboda haka kimiyya ta nuna in na tafi ba abin da zai canza a gidan nan." Ya bar musu ƙofar magana a buɗe, yana jiran wani ya ce ƙarya ne.

Souwaiba ta matso ta ƙura wa takardar ido. "Mushe, wannan mai ƙaho ita ce akuya?"

"Ita ce."

"Kuma ta fi ka?"

"A wani fanni."

Ta rufe baki da gefen mayafi. Ya ɗauka dariya take, kuma wataƙila da farko dariyar ce. Ta tashi ta shiga madafa, ta daɗe ba ta fito ba, alhali ba a ɗora komai ba.

Sai Inna ta yi magana, tana kallon Rahma. "Ki ce wa mai moto, in aiki ya kira mutum, ya je. Ba wanda ya riƙe shi."

"Yana jin ki, Inna."

"Na ce ki gaya masa."

Ka ga? An tabbatar maka da sakamakonka daga tushe. Kada ka tuna cewa matar da ba ta iya faɗin sunanka ba za ta iya cewa "zauna" a gaban matarka da ƙanwarka ba. Wannan ma wani fanni ne daban.

Mataki na takwas: Ka sa hannu da zuciya

Washegari ya sa hannu ya aika, tun kafin zuciyar ta huce. Yana da muhimmanci ka yi sauri, in ka bari ka kwana biyu hankali na iya dawowa. Ranar tafiya Nasser ya kai shi tashar kar, wato motar safa, Ilyas ya bar masa moto ya riƙa tayarwa don kada batir ya mutu. Inna ba ta raka shi ko zaure ba. Ta aiko Rahma da leda cike da dabinon Ingal da cuku, ta ce wa bango, "Allah ya kiyaye hanya." Ilyas ya amsa wa bangon da amin.

Mataki na tara: Ka manta ka ce wa mai rubutu ta daina

Kwana ashirin da uku da saukarsa Yamai, yana ɗakin da ya kama haya yana fama da hura gawayi, wayarsa ta yi ƙara. Hotuna ne daga Rahma, shafi bayan shafi na kaye. Ba wanda ya ce ta tsaya, ita kuwa ba ta tsaya ba.

Layin Inna a cike yake. Fita biyar da minti ashirin, shiga magariba. Fita biyar da kwata, shiga magariba. Haka har ƙasa. Layin buta: an ɗora, an sauke, ba wanda ya sha. Layin akuya lafiya lau, ita kam kimiyya ta faɗi gaskiya a kanta. Layin ƙarshe, na isowar Yaya, fari fat tun daga sama.

Bayan hotunan sai saƙon murya.

"Yaya, tun da kai mai ilmi ne bari jahila ta gaya maka. Inna tun da safe take sanin lokacinka. In ka ɗauki babbar jaka da takardun ɗalibai, ta san da wuri za ka dawo ka yi maki. In ka sa sukari a aljihu, ta san fada za ka biya. Souwaiba kuma fitowar Inna take jira ta ɗora buta. Ba jan ka suke ba, jiran ka suke. Kuma ba korar ta kake ba. Ta ji ka iso lafiya, me kuma za ta zauna yi?" Aka ji keken wani yana wucewa a waje. "Shekaranjiya Nasser ya zo da motonka ya kawo mana saƙo. Da Inna ta ji ƙarar a kwanar masallaci, wallahi Yaya, ta ɗauki faranti ta shige da sauri, gwiwar ma ta manta da ita. Sai ta ji sallamar Nasser. Ta fito ta koma ta zauna. Ban san layin da zan rubuta wannan ba."

Ilyas ya saurari saƙon sau huɗu. Ya tuna Saidou mai shago da ke rufewa kafin kira. Ashe Nasser ya ba shi amsar tun rana ta farko, kyauta, a kan tabarmar fada. Lissafin bai yi ƙarya ba, ya gane wa ke riga wa motsi. Abin da bai gane ba shi ne mai jira ma yakan riga wanda yake jira. Gwajin gaskiya guda ne, ka cire mutum ka ga abin da zai faru, kuma na yi shi, wato Ilyas ya yi shi, da sa hannu na shekara biyu.

Ya yi kuka. Gawayin ne, hayaƙi gare shi.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin komai. In ka bi matakan nan ka tsinci kanka a wani gari mai zafin rana da cunkoso, a ɗakin da ba wanda ke ɗora buta kafin ka iso, kai ka jawo wa kanka. Ban san Ilyas ba, ban taɓa ganinsa ba, kuma ban san yadda aka yi kayen yake cikin jakata ba. In akuyarku ta fi ka, tsakaninku ne. In kana da direba a fadarku, shi za ka tambaya, ni ka rabu da ni.

Mai ƙorafi yana iya kirana kowane lokaci, ban da tsakanin biyar da rabi da shida na yamma. A lokacin layin ba ya shiga. Rahma takan ajiye wayarta a bakin zaure ta buɗe murya, ni kuma in yi sallama da ƙarfi daga Yamai, in ce na iso gida. Ba a amsa mani. Sai dai in ji an ɗauki faranti, an shige ciki.